Ranar Ƙidaya: Daga Bakolori zuwa Fankokin Lantarki

Aikina ƙidayar gonaki da itatuwa da gine-gine ne kafin a biya diyya, a duk inda wani babban aiki zai ci filin jama'a. Titi ne, layin wuta ne, magudanar ruwa ce, mu ake turawa da igiyar awo da littafi. A 'yan shekarun nan zancen da ya fi yawo a ofisoshi shi ne na samar da lantarki daga rana da iska, balle tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu. Duk mai zuba jari da zai shigo fili yake nema, mai faɗi, mai sauƙin samu, kuma irin wannan fili a karkara yake. Yau babu tashar iska a bakin tafkin Bakolori. Shi ya sa ma nake son mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun su ji wannan magana yanzu, tun babu takardar da aka shimfiɗa musu ana jiran dangwale.

Tashar iska mafi kusa da mu ita ce ta Lambar Rimi a jihar Katsina: fankoki 37, an tsara su ba da megawat 10. Tun Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro maganarta, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa, kamfanin Vergnet na Faransa ya yi aikin. A watan Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, aikin ya tsaya, ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Manomi ya lura da wannan da kyau. Fili ana karɓarsa a rana ɗaya, amma amfanin da aka yi alkawari yana iya shekara goma bai iso ba, kuma duk tsawon lokacin nan ciki bai daina neman tuwo ba.

Ita fankar kanta ba ta cin ƙasa da yawa. Gindinta da dandalin da ƙugiya ke tsayawa ta ɗaga ta ba su kai ƙaramar gona ba, kuma a ƙasashe da dama ana noma da kiwo a tsakanin fankoki lafiya lau. Abin da ke cin fili shi ne hanyoyin da ake yankawa don manyan motoci, da layin wutar da ba a yarda a yi gini ko a bar doguwar bishiya a ƙarƙashinsa ba, da kuma shinge idan kamfani ya ga dama ya kewaye wurin gaba ɗaya. Tana da ƙara, wanda gidansa ke kusa zai ji ta da dare. Inuwar fukafukanta tana gilmawa a tsakar gida safe ko yamma idan an kafa ta dab da gari. Tana bugun tsuntsaye, abin dubawa ne sosai a bakin tafki. Amma ba ta korar hadari, ba ta hana mace haihuwa, ba ta ƙona shuka. Ina faɗin haka ne domin na sha ganin jama'a suna da hujja mai ƙarfi a hannu, sai su ajiye ta su ɗauki jita-jita, kamfani kuwa ya ji daɗi, don jita-jita ce ya fi iya rusawa a gaban hukuma.

A arewacin Kenya akwai tashar iska a gefen tafkin Turkana, wadda ta fi kowace girma a Afirka lokacin da aka buɗe ta a 2019: fankoki 365, megawat 310. Yankin na makiyaya ne da masunta, Rendille da Samburu da Turkana da El Molo. An mallaka wa aikin eka 150,000 na ƙasar kiwo, aka kuma matsar da ƙauyen Sarima. Mutanen ba su ce iskar tasu ce ba. Ƙarar da suka shigar a 2014 a kan ƙasa ce, cewa an ba da makiyayarsu ba tare da bin ƙa'idar da doka ta shimfiɗa ba. A watan Oktobar 2021 kotun ƙasa da muhalli da ke Meru ta ce gaskiyarsu, an samu takardun mallakar ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai kafin hukuncin ya fito fankoki sun shekara uku suna juyawa. A yankin Kinangop na ƙasar kuma, aikin megawat 60 ya rushe a 2016 bayan rigima da manoma kan fili da diyya.

Mu a nan ba sai mun je Kenya neman misali ba.

A 1969 masanan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a yi madaidaiciyar madatsa a Bakolori, a bi a hankali, kada a birkita yadda mutane suka saba amfani da fadamarsu. Da kuɗin mai suka shigo sai aikin ya kumbura. Kamfanin Impresit na Italiya, wanda ke ƙarƙashin Fiat, shi ya faɗaɗa tsarin, shi ne kuma ya samu kwangilar ginawa, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tana matsayin mai aiki. Aka tare Gulbin Sakkwato da bango mai tsawon sama da kilomita 5, aka gama a 1978. Tafkin ya shafe kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya tashi mutum wajen 13,000, akasarinsu a ƙasar Maradun. Aka kwashe su daga bakin gulbi aka kai su tudu, inda ƙasar ba ta kama ƙafar wadda suka baro ba.

Waɗanda ke ƙasan madatsar, inda aka shimfiɗa gonakin noman rani, su kuma aka ce musu aron gonakinsu za a yi, a baje, a ja magudanai, a mayar musu. A takarda abin ya yi kyau. Da aka zo aiki, katafila ta share iyakoki, ta tuge ɗorawa da kuka da tsamiya waɗanda da su ake gane gonar wane daga ta wane, a wasu wuraren ta kankare ƙasar sama mai taki. Damina ta wuce, wata ta biyo, mutane ba su yi shuka ba. Da aka zo mayarwa, rajistar ba ta dace da abin da ke ƙasa ba: wani ya samu ƙasa da tasa, wani ya tarar da sunan wani a kan tasa, wani babu sunansa sam. Diyya ta makara. Daga 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin suna hana motocin kamfani wucewa. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Aka buɗe wuta, aka ƙona ƙauyuka, Birnin Tudu na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, ƙidayar da ba ta gwamnati ba ta haura 380. Allah ya jiƙansu da rahama.

Duk wanda ke irin aikina ya kamata ya zauna ya karanta abin da masu bincike irin su Björn Beckman da William Adams suka rubuta kan Bakolori, ya karanta da tsoron Allah a ransa. Jinin da aka zubar a 1980 daga littafin ƙidaya ya faro. Akwai ma waɗanda ba su shiga littafin ba ko kaɗan: manoman fadamar da ke can ƙasa, wajen Bakura zuwa gaba, waɗanda ambaliyar kowace shekara ke shayar da shinkafarsu. Da madatsa ta rage ambaliyar, dubban hekta na shinkafa suka koma gero da dawa, kifi ya ragu a hannun masunta. Ba a karɓi gonarsu ba, don haka a idon hukuma ba su yi asarar komai ba. Makiyayin da shingen tashar iska zai toshe masa burtali ko mashaya, a layin waɗannan mutane zai tsinci kansa idan bai yi magana da wuri ba.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba sai ranar biya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon soke haƙƙin mutum saboda maslahar jama'a. Idan an soke, ba kuɗin ƙasar ake biya ba. Abin da ke kanta ake biya: gini, rijiya, shuka, itatuwan amfani. Ke nan gonar gado mai eka biyar da aka zo aunawa da rani, bayan an girbe an kwashe kara, tana iya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na tsaya a gonaki irin wannan, mai gona yana nuna mini inda kakansa ya sare daji, ni kuwa fom ɗin da ke hannuna ba shi da gurbin rubuta wannan. Abin yana ci mini rai har yau. Amma akwai ƙofofi. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba mutum damar zuwa kotu kan adadin. Ita dokar ƙasar kanta ta yarda a ba mutum wani wurin a madadin kuɗi. Idan kuma da kuɗin Bankin Duniya ake aikin, kamar gyaran Bakolori da aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING, ƙa'idarsu ta fi tamu tsauri: a biya abin da zai isa a maye gurbin asarar, a biya kafin a taɓa gona, a lissafa har da mai aro da mai haya. Don haka tambayar farko da za ku yi wa duk baƙon da ya zo da taswira ita ce: da kuɗin wa za a yi aikin?

Tambaya ta biyu: karɓa za a yi ko haya? A aikin fankoki babu dalilin da zai sa a raba manomi da gonarsa har abada saboda gindin ƙarfe ɗaya. Fanka shekara 20 zuwa 25 take yi. Ana iya rubuta haya ta shekara-shekara, da sharaɗin ƙari idan kuɗi ya karye, da sharaɗin ci gaba da noma a gefe, da sunan wanda zai tuge kankaren idan wa'adi ya cika. Kuɗin dunƙule yana da daɗin karɓa, amma na ga gidajen da ya ƙare a cikin biki ɗaya da babur ɗaya, gona kuma ta tafi.

Sai ranar ƙidaya, wadda ita ce komai. Akan sa ranar rufewa, duk abin da ba a rubuta ba kafin ranar ya bi ruwa. Ka tsaya a gonarka da ƙafarka. Kada ka aika yaro, kada ka ce mai unguwa ya san iyakata. A ƙirga itatuwa a gabanka ɗaya bayan ɗaya, a rubuta irinsu da girmansu, don kuɗin mangwaro mai 'ya'ya daban yake da na dashe. A karanta maka abin da aka rubuta da Hausa kafin ka dangwala, ka ɗauki hoton fom ɗin da waya, ka karɓi kwafinka. Gonar da ke hannun jingina ko aro a rubuta sunan mutum biyun, a fayyace wa ke da ƙasa, wa ke da shuka. 'Yan uwa mata da ke da rabon gado a gandun da yayansu ke nomawa, a sa sunansu. Wannan haƙƙi ne da shari'a ta ba su, kuma shi ne ya fi saurin ɓacewa a littafinmu. Sarkin ruwa da arɗo su zo taron ko ba a gayyace su ba.

Dokar tantance tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 ta sa dole a baje rahoton babban aiki don jama'a su gani su yi ƙorafi, kuma a al'ada kwana 21 na aiki ake ba shi, ana baje shi har a sakatariyar ƙaramar hukuma. Rahoton da Turanci yake, kauri gare shi, yakan gama kwanakinsa a kan tebur babu wanda ya buɗe. Ku sami malaman makaranta da ɗalibanku na jami'a su karanta, su fassara a masallaci da dandali, a rubuta ƙorafi a miƙa, a karɓi shaidar an miƙa. A nan ne ake neman a matsar da fanka nesa da gidaje, a bar burtali a buɗe. A nan ne kuma ake maganar wuta. Lantarkin babbar tasha kan babban layi yake hawa ya wuce, ba ya sauka a ƙauyen da ke gindinsa sai an kafa taransifoma an ja waya, kuma wannan sai an rubuta shi a yarjejeniya da sunan garin da ranar gamawa. Alkawarin baki a gaban hakimi ba ya kunna ƙwai ko ɗaya. Dattawan gari abin girmamawa ne, amma Dokar Amfani da Ƙasa ta ba gwamna damar biyan diyyar filin al'umma ta hannun shugabanta, don haka a kafa kwamiti na mutanen da aka yarda da su, a buɗe asusu, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Wannan kariya ce ga shi kansa basaraken.

Akwai wata sabuwar matsala da mutanen 1978 ba su sani ba. Rashin tsaro ya kori iyalai da yawa daga ƙauyukan Maradun da kewaye, suna zaune a Mafara da Gusau da wasu garuruwa. Gonakinsu sun yi ciyawa, wasu gidajen sun zube. Mai ƙidayar da ya je da rakiyar jami'an tsaro, yana sauri ya fita kafin la'asar, zai rubuta daji ne babu mai shi. Ina roƙon abokan aikina kada su rufe littafi sai sun bi mutanen nan inda suke gudun hijira. Su kuma waɗanda suka baro gida, tun yanzu su haɗu da dagacinsu da maƙwabtan gona, a rubuta gonar kowa da iyakokinta huɗu da shaidu, a yi kwafi, a ajiye ɗaya a wajen hakimi, ɗaya a sashen ƙasa na ƙaramar hukuma, ɗaya a hannun mai gona.