DARASI A GIDA: YADDA AKE TSARA LITTAFIN CINYA

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata dabara ta koyar da yara a gida, wadda ke raba yaro da haddar da babu fahimta. Sau da yawa yaro zai karanto miki darasi tiryan-tiryan, amma da kin juya tambayar sai ya yi zuru. Dalili kuwa shi ne kunnensa kaɗai ya yi aiki, hannunsa da idonsa ba su taɓa abin ba.

MENE NE LITTAFIN CINYA?

Dabarar ta yaɗu ne a Amurka, a tsakanin iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida maimakon kai su makaranta, abin da doka ta halatta a dukkan jihohi 50 na ƙasar tun 1993. Suna kiransa lafbuk, wato littafin da yaro zai buɗe a kan cinyarsa. Fayil ne na kwali, a cikinsa an manna ƙananan littattafai da aljihuna da zane-zane waɗanda yaron ya yi da hannunsa. Sukan haɗa shi da tsarin jigo ɗaya: a ɗauki abu guda, a fitar da kimiyya da lissafi da tarihi da rubutu duk daga cikinsa.

A Nijeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yaro a firamare da ƙaramar sakandare. Don haka a wurinmu wannan aiki ne na hutu, ko ƙarshen mako, ko lokacin da yaro ya zauna a gida dole, kamar yadda ya faru a 2020 da aka rufe makarantu saboda korona.

MATAKI NA 1: ZAƁI JIGO

Uwargida, ki zaɓi abin da yaro zai iya taɓawa, kuma kada ya yi faɗi. "Tsirrai" ya yi yawa, amma "gyaɗa" ta yi daidai. Da ita za mu yi misali, tunda tana da arha kuma babu gidan da ba a san ta ba.

MATAKI NA 2: FARA DA TAMBAYOYI

Kafin ki ɗauki almakashi, zauna da yaran ki tambaye su me suka sani game da gyaɗa, me kuma suke son sani. Ki rubuta tambayoyin, domin kowace tambaya ita ce za ta zama ƙaramin littafi guda. Ɗan shekara 5 zuwa 7 tambaya huɗu ko biyar sun ishe shi, wanda ya kai 8 zuwa 12 kuwa zai iya ɗaukar takwas. Ga misali:

Kimiyya: Ina 'ya'yan gyaɗa suke fitowa? Gyaɗa tana yin fure rawaya a sama, bayan furen ya bushe sai wani siririn tsinke ya sunkuya ya shiga ƙasa, can ne kwanson yake girma.

Lissafi: Ƙwaya nawa ce a kwanso goma? Yaro ya ɓare, ya ƙirga, ya rubuta. Babba kuma ya lissafa kuɗin rabin mudu daga kuɗin mudu.

Labarin ƙasa: Daga ina ta zo? Asalinta Kudancin Amurka ne. Ya zana taswira ya ja kibiya zuwa Afirka ta Yamma.

Tarihi: Mece ce dalar gyaɗa? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har aka riƙa jera buhuna kamar tsauni suna jiran jirgi. Alhassan Ɗantata na cikin manyan 'yan kasuwar wancan zamani. Yau babu dalar, saboda haka a tura yaro ya tambayi kakarsa abin da ta gani ko ta ji.

Rubutu: Yaya ake ƙuli-ƙuli? Ya jera matakan da kalmominsa.

MATAKI NA 3: AIKI KAFIN RUBUTU

Wannan ita ce ƙa'idar da komai ya rataya a kanta: kowace rana a fara da aikin hannu, sannan a rubuta abin da aka gani. Ranar farko a sa ɗanyar gyaɗa, ba soyayya ba, a cikin kwalba mai haske tare da jiƙaƙƙiyar auduga. Cikin kwanaki kaɗan saiwa za ta ɓullo, yaro ya riƙa aunawa da rula yana zanawa. Wata rana a soya, a daka, a matse, ya ga mai yana fita da idonsa, sai ki gaya masa kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne. Wata rana kuma a tsince mai kyau daga mai funfuna, ki bayyana masa cewa gyaɗa mai funfuna tana iya ɗauke da guba mai cutar da hanta, shi ya sa ake zubar da ita.

A kula: kada a bar ƙwayar gyaɗa a hannun yaron da bai kai shekara 4 ba, tana iya sarƙe shi. Idan kuma akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, a canja jigo zuwa wake ko gero.

MATAKI NA 4: HAƊA LITTAFIN

Kayan aiki: fayil na kwali ko bayan tsohuwar kalanda, farar takarda, almakashi, gam, fensir mai launi da tsohuwar ambulan. Ki buɗe fayil ɗin, ki naɗo gefen dama da na hagu su haɗu a tsakiya kamar ƙyauren taga. Ƙananan littattafan iri-iri ne. Akwai mai murfi, tambaya a sama, amsa a ƙarƙashi. Akwai mai naɗin gaba da baya, wanda ya dace da matakan girman shuka. Akwai aljihu na ambulan don katunan sababbin kalmomi. A tara su a leda, sai ranar ƙarshe a jera a manna. Ki bar fili guda babu komai, domin gyaɗar da aka shuka a tukunya sai ta yi kamar wata guda kafin ta yi fure, ranar da ya fito sai a cike gurbin.

Mako biyu ya isa, minti 30 zuwa 40 a rana. Idan yaran suna da yawa, jigo ɗaya za su yi, kowa da fayil ɗinsa: ƙarami ya zana ya faɗa miki ki rubuta masa, babba ya rubuta da kansa.

INDA AKE TUNTUƁE

Babban haɗari shi ne uwa ta ga rubutun yaro a karkace, ta karɓe ta gyara, ta yanka, ta ƙawata. Littafi zai yi kyau, amma ita ce ta yi karatun. Naki shi ne tsarawa da tambaya, nasa shi ne yanka da rubutu, ko da gam ya ɓata shafi.

A ƙarshe ga jarrabawar: ki ba shi littafin ya buɗe a gaban babansa ko kakarsa ya yi bayani. Duk murfin da ya ɗaga ya kasa cewa komai, wannan darasin ne za a maimaita. Bayan wata guda a sake ɗauko shi a yi bita.

Ki gwada a wannan hutun, 'yar uwa, ki fara da tambaya huɗu kawai. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.