Canjin Kuɗi da Niyyar Tafiya: Nazari a Kan Kujerar Hajji da Sauran Tafiye-Tafiyen Bahaushe

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda darajar naira a gaban kuɗaɗen waje take shafar niyyar Bahaushe ta fita ƙetare da kuma zaɓin inda zai dosa. An ɗauki kujerar Hajji ta shekarun 2023 zuwa 2025 a matsayin babban misali, sannan aka gwama ta da fatauci da neman ilimi da ƙetara iyakar Nijar. Nazarin ya nuna cewa tsadar dala ita kaɗai ba ta isa ta bayyana halin matafiyi ba. Abubuwa biyu ne suka fi tasiri: tazarar da ke tsakanin ƙulla niyya da ranar biyan kuɗi, da kuma ko wurin da za a je yana da madadi ko ba shi da shi.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana tafiya. Fataucin goro ya kai shi Gwanja, neman karatu ya kai shi gabas, aikin Hajji kuma ya ratsa da shi Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. A duk waɗannan tafiye-tafiye akwai wata tambaya da ba ta taɓa rabuwa da shi ba, wato ko abin da ke jakarsa zai karɓu a inda za shi. Ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce, kuma wuri bai kasance abin karɓa a ko'ina ba. Wanda ya nufi gabas sai ya mayar da dukiyarsa tufafi ko dabbobi ko azurfa, ya riƙa sayarwa zango-zango. Ke nan canji ba baƙon abu ba ne a rayuwar matafiyin Hausa. Abin da ya sauya shi ne, a da darajar guzuri tana raguwa ne a kan hanya, yanzu kuwa tana iya narkewa tun mai shi yana zaune a gida bai ko karɓi fasfo ba.

2.0 Istiɗa'a a da da yanzu

Malaman fiƙihu sun shardanta iko, wato istiɗa'a, kafin Hajji ya wajaba a kan mutum. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Hausa, ba lallai ne mutum ya mallaki abin hawa da cikakken guzuri ba. Idan zai iya tafiya da ƙafa ba tare da matsananciyar wahala ba, akwai aminci a hanya, kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi, to ana ganin yana da iko. Wannan fahimta ta dace da yadda talakawa suka riƙa zuwa Makka ta ƙasa: mutum ya yi ƙira ko wanzanci ko ɗinki a wannan gari, ya yi ƙodago a gonakin audugar Jazira da ke Sudan, ya tara abin da zai ƙetara da shi daga Sawakin zuwa Jidda. Tafiyar kan ɗauki shekaru, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu ce ke zaune a garuruwa irin su Mai Wurno har yau. Irin wannan alhaji ba ruwansa da farashin canji, domin yana samun kuɗin kowace ƙasa ne da guminsa a cikin ƙasar.

Mota da jirgin sama da biza sun rufe wannan babi. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da aka fi sani da taƙaitaccen sunansa, WAPA, kuma mutane da yawa suna danganta sunan kasuwar 'yan canji ta Wapa da ke Fagge da wannan kamfani. Daga lokacin da Hajji ya zama kujerar da ake biya gaba ɗaya kafin a tashi, istiɗa'a ta tashi daga ƙarfin ƙafa da sana'ar hannu ta koma adadin kuɗin wajen da naira za ta iya saya.

3.0 Kuɗin da aka ɗaure da wanda aka saki

An fara amfani da naira ranar 1 ga Janairu, 1973, inda naira biyu ta maye gurbin fam ɗaya. A 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo sittin ba a farashin gwamnati. A irin wannan yanayi ne malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa ya iya zuwa Makka, ya dawo da tsarabar da ta cika ɗaki. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ne ya fara karya naira, aka sake yi mata wani saki a watan Yuni na 2016, lokacin da dala ta tashi daga kusan naira 197 zuwa wajen 280. Mafi girman faɗuwar ita ce wadda ta biyo bayan matakin Babban Bankin Nijeriya na 14 ga Yuni, 2023, na haɗe farashin canji wuri guda. Dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin kwanaki, kuma a watan Fabrairu na 2024 ta haura 1,500 a farashin hukuma, a kasuwar bayan fage kuwa ta wuce haka.

A nan ne wani abu da ba a cika lura da shi ba yake shigowa. Wuraren da Bahaushe ya fi zuwa suna amfani ne da kuɗin da aka ɗaure. Riyal ɗin Saudiyya yana tsaye a kan 3.75 a kowace dala tun 1986. Dirhamin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa shi ma a ɗaure yake da dala, a kan 3.67. Sefar Nijar da Benin da Kamaru da Chadi a ɗaure take da yuro, kowane yuro a kan sefa 655.957. Saboda haka duk ranar da naira ta faɗi, Makka da Dubai da Maraɗi suna yin tsada tare, a rana ɗaya, ko da ba a ƙara ko sisi a farashin masauki ko abinci a can ba.

4.0 Kujerar 2024

Kusan duk abin da ke cikin kuɗin kujera da dala ko riyal ake biyansa: tikitin jirgi, masaukin Makka da Madina, tantin Mina da Arfa, abinci, motocin zirga-zirga, da guzurin da ake damƙa wa alhaji. Maniyyaci kuwa naira yake tarawa, sau da yawa cikin shekaru, daga amfanin gona ko ribar kanti ko kuɗin sallama.

A 2023 kujera ta kama kusan naira miliyan 2.9, kuma Nijeriya ta cike gurabenta 95,000. Dole a faɗi cewa a wannan shekara akwai tarin waɗanda annobar korona ta hana tafiya a 2020 da 2021, ga shi a 2022 an ba ƙasar gurabe 43,000 da 'yan kai ne kawai. Don Hajjin 2024, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, ta fara neman a ajiye naira miliyan 4.5. A watan Fabrairu ta sanar da kusan miliyan 4.7 ga maniyyatan yawancin jihohin Arewa da miliyan 4.9 ga na Kudu. Mutane suka biya, suka ɗauka magana ta ƙare. Ranar 24 ga Maris, ana tsakiyar azumi, sai hukumar ta nemi kowa ya kawo cikon naira miliyan 1.9 cikin kwana huɗu, sabon mai biya kuma ya kawo sama da miliyan takwas. Gwamnatin tarayya ta ba da tallafin naira biliyan 90, wasu jihohi suka taimaka wa nasu, Kano ta biya wa kowane maniyyacinta naira 500,000. Guzuri ya sauko daga dala 800 zuwa 500. Duk da haka waɗanda suka tafi ta hannun hukumomin jihohi ba su wuce 51,000 da ɗoriya ba, alhali gurabe 75,000 aka ware wa jihohin.

Idan aka mayar da lissafin zuwa dala sai a ga abin mamaki. Naira miliyan 2.9 a farashin 460 ta haura dala 6,000. Kujerar 2025, wadda ta kama kusan miliyan 8.4 a Arewa lokacin da dala take wajen naira 1,500 zuwa 1,550, ba ta kai dala 5,700 ba. Wato Hajjin bai ƙara tsada a Saudiyya ba, ragi ma aka samu, amma a aljihun maniyyaci ya kusa ninkawa uku. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a 2023 yana bukatar albashin wata 97 kafin ya haɗa kujera. Da aka mayar da albashin 70,000 a 2024, kujerar 2025 ta koma albashin wata 120.

Babban darasin 2024 yana cikin tazarar lokaci. Wanda ya ajiye nairarsa a hannun hukuma tun Nuwamba bai sayi dala ba, alƙawari kawai ya saya, kuma tsakanin ranar da ya biya da ranar da aka tura kuɗin Saudiyya ne asarar ta auku. Wannan rauni yana tattare har da tsarin adashin gata na Hajji da aka ƙaddamar a 2020 tare da bankin Jaiz: tsari ne mai kyau wajen koya wa mutum tanadi, amma tun da naira ake tarawa, ribar da za a raba ba za ta iya cim ma faɗuwa irin ta watanni takwas ɗin nan ba. Manomin da ya bar dukiyarsa a shanu ko buhunan masara har zuwa ranar biya ya fi samun kariya, domin farashin waɗannan yana bin tsadar rayuwa. Wannan kuwa ita ce dabarar kakanninsa masu tafiya da ƙafa.

Makka ba ta da madadi. Wanda kuɗinsa bai kai ba ba zai ce bari ya je wata ƙasa mai araha ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗage zuwa baɗi, ko ya sayar da fili ya cika, ko mata da miji su bar ɗaya ya tafi. Wasu sukan karkata ga Umra saboda kwanakinta kaɗan ne kuma kuɗinta bai kai na Hajji ba, ko da yake malamai suna tunatarwa cewa ba ta sauke farali.

5.0 Inda ake da zaɓi

Ɗan kasuwa da ɗalibi da majinyaci suna iya sauya alƙibla. Ƙarancin dala ya sa kamfanonin jiragen sama na waje sun kasa fitar da kuɗin tikitinsu daga Nijeriya, har abin ya haura dala miliyan 800 a 2023. Kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa ƙasar a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai Oktoba na 2024, ga kuma takunkumin biza da Daular Larabawa ta sa a tsakanin. Mai saro kaya daga Dubai ko Guangzhou, idan jarinsa bai taka kara ya karya ba, sai ya ga kuɗin tikiti da biza da otal sun cinye ribar. Mafita ita ce ya zauna a Kantin Kwari ya zaɓi kaya ta WhatsApp, wakili ya auno masa. A nan canji bai sauya inda ake zuwa kawai ba, ya rage yawan masu zuwan.

A fannin karatu da jinya, ƙasar da nata kuɗin ya faɗi takan zama mai sauƙi. Fam ɗin Masar ya tashi daga kusan 31 a kowace dala zuwa wajen 50 a watan Maris na 2024, don haka haya da abinci a Alƙahira ba su yi wa mai naira nauyin da na Jidda suka yi ba. Sai dai sauƙin bai cika ba, domin kuɗin makarantar baƙo sau da yawa da dala ake yanka shi. Bai kamata kuma a ɗora wa canji komai ba: yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ne ya kwaso ɗalibai daga Khartum, kuma dokar Birtaniya ta Janairun 2024 da ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyalansu ta zo daidai da faɗuwar naira, ta yadda raba tasirin ɗaya da ɗaya yake da wuya.

6.0 Iyaka ɗaya, jaka biyu

Misalin da ya fi kusa yana tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Kano da Damagaram, inda harshe ɗaya ne amma kuɗi biyu. A 1980 naira ɗaya tana sayen sefa sama da 350 a lissafin hukuma. An rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, amma duk da haka a 2024 sai da aka ba da naira biyu da rabi ko fiye kafin a sami sefa ɗaya. Iyayen da suka kai 'ya'yansu jami'o'in Maraɗi ko Kwatano don gudun yajin aiki sun tarar kuɗin makaranta ya ninka ba tare da makarantar ta ƙara komai ba. Mutumin Nijar kuwa Dawanau da Kwari da Singa sun yi masa araha, in ban da rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 bayan juyin mulkin Yamai. Ɗan ci-rani da ya saba zuwa Kano ko Legas ya tara naira ya koma gida dole ya sake lissafi, tun da abin da ya tara yana raguwa da zarar ya canza shi a Jibiya ko Maigatari, alhali Abidjan da Kwatano da sefa suke biya.

Harshen ma ya adana wannan tarihi. A Nijar "dala" tana nufin sefa biyar, "jaka" ko "jika" kuma dala ɗari biyu ce, wato sefa dubu. A Nijeriya "jaka" fam ɗari ce, wadda ta koma naira ɗari biyu a 1973. A 1980 jakar Kano ɗaya tana sayen jakar Maraɗi sama da saba'in. A 2024 sai an haɗa jakar Kano goma sha biyu ko sha uku kafin a karɓi ta Maraɗi guda.