Tauye Mudu A Albashi Da Sa'o'in Aiki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta zalunci tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi ijara, watau mutum ya ɗauki ɗan'uwansa aiki a kan lada sananne, da abin da ya rataya a wuyan mai ba da aikin game da albashi da lokacin aiki.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina da tsakar dare ya ratsa ta Kankiya, zai tarar da mutane a farke sa'ad da gari ke barci: ga mai gadi da tocilansa, ga yaron gidan mai, ga masu kwaɓa fulawa a gidan burodi. A ƙauyukan Kusada kuwa, da damina, tun da sassafe 'yan ƙwadago ke sunkuye a gonakin waɗansu. Kowannensu ya sayar da ƙarfinsa da lokacinsa, yana jiran a auna masa ladansa. To, da wane mudu za a auna?

Abin da doka ta aza

A shekarar 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa, aka yanka Naira 125 a wata. Aka yi ta ƙari saboda tsadar rayuwa, har ya kai Naira 18,000 a 2011, da Naira 30,000 a 2019. A watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Naira 70,000, aka kuma mai da wa'adin sake duba adadin ya zama shekara uku maimakon biyar. A ƙarshen wannan shekarar Gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, ta daidaita da ƙungiyoyin ƙwadago a kan biyan ma'aikatanta wannan adadi.

Mutane da yawa suna zaton dokar ta tsaya ga ma'aikatan gwamnati. Alhali kuwa ta hau kan kamfanoni da masana'antu da makarantun kuɗi, matuƙar ma'aikatansu sun kai mutum 25. Kuma duk yarjejeniyar da aka ƙulla a kan abin da ya gaza adadin, ɓatacciya ce a wurin doka, ko da ma'aikacin ya dangwala hannu. Waɗanda dokar ta bari a waje su ne masu ma'aikata ƙasa da 25, da masu aikin ɗan lokaci, da masu karɓar kamasho ko kuɗin jinga, da masu aikin da ke bin lokaci kamar noma.

Ko hukuma na da ikon yanka lada?

Akwai masu cewa ciniki yarda ne, don haka babu ruwan hukuma da abin da mutum biyu suka shirya. Hujjarsu ita ce hadisin Anas, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa an yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, ya ƙi, don gudun kada wani ya bi shi da haƙƙi ranar Alƙiyama.

Hadisin tabbatacce ne, amma malamai sun duba dalilinsa. Shehul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa na Hisba cewa ƙayyadewa iri biyu ce: akwai ta zalunci wadda ta haramta, akwai ta adalci wadda ta halatta, har takan zama wajibi idan ɗaya ɓangaren ya sami damar danne ɗayan. Ya kuma shigar da ladan ma'aikata cikin wannan hukunci, ya ce shugaba ba zai bari mai ba da aiki ya biya ƙasa da ladan da aka saba biyan irin wannan aiki ba. Yardar mai jin yunwa, wanda ya san mutum goma na bayansa suna jiran gurbin, yarda ce mai rauni. Saboda haka idan shugaba ya yanka adadi don maslahar talakawa, bin sa ya shiga cikin ɗa'ar da Allah Ya umarta a yi wa majiɓinta al'amari.

Sa'o'i su ne mudun ma'aikaci

Allah Ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, Ya buɗe ta da narkon azaba ga waɗanda ke cika mudu idan su za su karɓa, su tauye idan su za su bayar. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa kowane abu yana da cikawa, yana kuma da tauyewa, har ma salla. Ashe ke nan hukuncin bai tsaya ga tiyar gero da sikelin mahauta ba.

Malaman fiƙihu sun kasa ɗan ijara kashi biyu. Akwai na kowa da kowa, kamar tela ko maƙeri, wanda ake biya a kan abin da ya gama. Akwai kuma keɓantacce, kamar mai gadi ko akawu, wanda ake biya a kan lokacin da ya miƙa kansa, ko an sa shi aiki ko ba a sa shi ba. Shi wannan na biyu, sa'o'insa su ne hajarsa. Shi ya sa Ibn Abi Zaid ya sharɗanta a Risala cewa a ambaci wa'adin ijara, a kuma ambaci ladanta. Haka tsohon nan na Madyana ya yi da Annabi Musa, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas: ya yanka masa shekara takwas, ya bar masa zaɓin cika goma, ya kuma ce ba ya nufin tsananta masa.

Ga misali don mai karatu ya gane. A ce an ɗauki mai gadi a kan Naira 70,000, da alkawarin awa 8 kullum, kwana 26 a wata, watau awa 208. Sai abokin canjinsa ya bar aiki, maigidan bai ɗauki wani ba, ya mai da shi awa 12. Ƙarin awa 4 a kwana 26 ya zama awa 104, rabin aikin wata ke nan cif. Idan wata ya ƙare aka miƙa masa 70,000 kawai, takarda za ta nuna an bi doka, alhali an ci masa Naira 35,000. Albashin na nan yadda yake, mudun da aka karɓi aikin da shi ne aka faɗaɗa.

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ta shafi leburori da ƙananan akawuna, ta ce duk sa'ar da ta haura wadda aka shirya, aikin ƙari ce. Ta ba wanda ya yi awa 6 ko fiye hutun da bai gaza awa ɗaya ba, da hutun awa 24 a jere cikin kowane mako. Shari'a ta riga ta da wannan, domin a hadisin Abu Zarri an hana ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora, to a taya shi. Haka kuma malamai sun ce lokutan sallolin farilla ba sa cikin abin da aka saya na lokacin ma'aikaci. Lalle ne mai tsara aikin karɓa-karɓa ya san wannan, kada ya jera wa mutum ɗaya kwanan aiki saboda ba shi da mai tsaya masa, ya sauƙaƙa wa ɗan'uwan manaja.

Rubutu da biya a kan kari

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Albashi kuwa bashi ne a kan mai ba da aiki tun daga sa'ar da aka gama aikin. Doka ma ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku, a kuma adana rajistar biya. Akawun da ya rubuta adadi a takarda ya biya wani dabam, ko ya cusa sunan wanda babu shi, ko ya zaftare kuɗi da sunan tara ba bisa ƙa'ida ba, ya haɗa cin amana da shaidar zur. Kada ya dogara da cewa umarni aka ba shi.

Jinkiri ma zalunci ne idan da hali, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim. Ibn Majah ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Abin da ya fi ban tsoro shi ne hadisin Buhari, inda Allah Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa.

Wanda doka ba ta kai gare shi ba

Galibin masu ba da aiki a Kankiya da Kusada ƙanana ne: mai injin niƙa da yaransa uku, mai kanti, manomi da 'yan ƙwadagonsa, uwargida da 'yar aikinta. Dokar mafi ƙarancin albashi ta tsallake su, amma wancan hadisin bai ware mai ma'aikaci ɗaya daga mai ɗari ba. Abin da ya wajaba a kansu shi ne su faɗi ladan tun kafin a sa hannu a aiki, ya dace da wanda aka saba a garin, su biya ran da suka ce. Wanda kasuwarsa ta gaza, sai ya gaya wa ma'aikacinsa gaskiya, su rage sa'o'i da yardar juna.

Shi ma ma'aikaci yana da nasa mudun. Wanda ya sa hannu a rajista ya sulale zuwa gona ko kasuwa, ko ya shimfiɗa tabarma ya yi barci a daren da aka ba shi tsaro, sannan ya karɓi albashi cikakke, shi ma ya tauye. Siffa biyu aka yabi Annabi Musa da su sa'ad da za a ɗauke shi aiki: ƙarfi da amana.

Daga ƙarshe, a tuna da mutum ukun da dutse ya toshe wa bakin kogo. Ɗayansu ya yi tawassuli da cewa wani ma'aikacinsa ya tafi ya bar ladansa, shi kuwa ya juya masa shi har ya zama garken dabbobi, da ya komo bayan shekaru ya kora masa su duka. Allah Ya karɓi wannan aiki, Ya sa shi cikin dalilan da suka kawar da dutsen.

Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya sa albarka a dukiyar masu biyan haƙƙi, Ya wadata ma'aikata da halal. Amin.