Filin Kimiyya: Yadda Injiniyoyi Ke Sauraren Lafiyar Gada

Ƴan'uwa ɗalibai, kun taɓa lura da yadda iyayenmu mata a nan Diggi ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa kafin su biya kuɗinta? Lafiyayyar tukunya amonta garau yake, mai tsaga kuwa a dushe yake fita. Da irin wannan dabara injiniyoyi ke duba gada.

Kowace gada tana rawa, ko da ido bai gani ba, kuma tana da adadin rawar da take yi a daƙiƙa ɗaya. Nauyinta da taurinta ne ke tsayar da wannan adadi. Injiniya yakan manna ƙananan na'urorin auna girgiza a sassan gadar, sai iska da manyan motoci masu wucewa su motsa ta. Daga nan kwamfuta ta tace bayanan, ta fitar da abubuwa uku: adadin rawar, yadda gadar ke lanƙwasa, da saurin lafawarta.

Ina abin ya shafe mu? Ambaliyar 2020 ta karya gadoji a Jihar Kebbi. Idan ruwa ya zaizaye ƙasar gindin ginshiƙi, ɓarnar tana ɓoye a ƙarƙashin ruwa, amma adadin rawar yakan ragu. Wanda ya auna bara, ya sake aunawa bana, zai iya ganewa kafin a rasa rayuka.

Aikin gida: Danne rula a gefen tebur, ka ja bakinta ƙasa ka saki. Ƙara tsawon da ya fito waje, ka maimaita. Rawar ta ƙara sauri ko ta ragu? Kawo amsarka ga kulob ranar Litinin.