Yadda Za Mu Ƙara Wa Babur Ƙarfin Hawan Tudu

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da dama suna da ƙaramin babur irin na shiga daji, mai dogayen ƙafafu, kamar Honda XL125. Kukan da muke ji a wurin taro kusan ɗaya ne. A kan kwalta babur yana gudu sosai, amma in an ɗaura masa buhun taki aka zo hawan tudu ko rairayin rafi, sai ya yi ta nishi har ya mutu. Mai tuƙi kuwa sai ya riƙe kuloci rabi da rabi yana murɗa totur. Ta haka kuloci ke ƙonewa, yawanci kuma da damina, lokacin da 'yan ƙungiya ke jiran taki.

Gudu dabam, ƙarfin ja dabam. Doki ya fi jaki gudu, amma ba doki muke aza wa mangala ba. Abin da muke nema shi ne babur ya ja kaya yana tafiya sannu, ba sai inji ya yi ihu ba.

Kafin mu sayi kome, mu fara nemo ƙarfin da ya ɓata. Mu buɗe matatar iska. Ƙurar rani takan toshe ta, inji kuwa in bai sami iska ba ba ya ja. In ta soso ce a wanke, a shanya, a shafa mata baƙin mai kaɗan. In ta takarda ce a sake sabuwa. Mu kwance fulogi mu dubi bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa ke nan, fari fat kuwa mai ya yi kaɗan, inji yana zafi. Makaniki ya auna bawul da sanyin inji. Mu ɗaga taya mu juya ta da hannu, mu ga ko birki yana kama ta.

In an yi wannan duka babur bai gamshe mu ba, sai mu zo kan sarƙa da fayafayanta masu haƙora, ƙarami a jikin inji, babba a tayar baya. A nan ne gyara mai araha yake.

Ga misali. A ce na gaba yana da haƙora 15, na baya 45. In mun raba 45 da 15 za mu sami 3. Wato faifan gaba zai juya sau 3 kafin taya ta juya sau 1. To, mu cire mai 15 mu sa mai 14. Yanzu lissafi ya zama 3.2. Ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru da wajen 7 cikin 100 a kowace giya. Injin bai canja ba, mun dai sauƙaƙa masa aiki ne. Amma akwai biya. Babur da ke kai kilomita 90 a awa, yanzu wajen 84 zai tsaya, a doguwar tafiyar kwalta kuma zai ɗan ƙara shan mai. A ganinmu wannan ciniki ne mai riba ga wanda hanyarsa ta gona ce. Kamfanin Yamaha ma da ya fito da AG100 a 1973 domin manoman Ostareliya, ƙarfin ja ya ba shi, ba gudu ba.

Rage haƙori 1 a gaba kusan daidai yake da ƙara 3 a baya. Na baya mai 48 ya fi tsada, yakan kuma bukaci sarƙa mai ɗan tsawo, amma ya fi tausaya wa sarƙa. Kada a sauka ƙasa da 13 a gaba, gama sarƙa za ta riƙa lanƙwasa da yawa, ta cinye da wuri. Kada kuma a ɗora tsohuwar sarƙa a kan sabon faifai. In haƙoran sun yi tsini sun karkata, a sake duka uku tare.

Wani abu guda muke roƙo a bari. Mun taɓa yarda wani makaniki ya fasa cikin salansar baburmu, wai ƙarfi zai ƙaru. Ƙara ce kawai ta ƙaru. A tudu ya fi dā rauni, fulogi ya yi fari, ƙarshe dai sabuwar salansa muka saya da kuɗin ƙungiya.

'Yan'uwanmu na kan dutse su lura da wannan. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, iska ba ta da kauri, inji yakan rasa wajen kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsa, fulogi kuma yakan yi baƙi. Makaniki ya ɗan rage mai a kafireto. In babur ya koma zama a ƙasa, a mai da shi yadda yake.

Bayan an sa sabon faifai, a ja taya baya daidai a gefe biyu, a bar wa sarƙa sassaucin da littafin babur ya faɗa. Sabuwar sarƙa takan saki a kwanakin farko, saboda haka a sake duba ta bayan mako guda, a ɗiga mata mai.