Sukurorin Injin Majigi: Yadda Za a Gane Su da Inda Za a Same Su

Zuwa ga Hakimai da Malaman Ofis na ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan. 

Dattawanmu ba su manta da motar majigi ba. Tun da aka kafa hukumar shirya fim ta ƙasashen mulkin Ingila a 1939, har zuwa zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, motar kan shiga gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a sha'anin tsabta da noman auduga da yaƙi da jahilci. Yau an daina ƙera irin waɗannan injuna masu cin fim na milimita 16. Saboda haka duk Hakimin da ya tarad da ɗaya a sito ko a wata tsohuwar makaranta, to, amana ce ta faɗo hannunsa.

Sau da yawa ba wani babban ciwo ke kashe injin ba. Ɗan sukuru ne ya faɗi, mai gyara ya ɗauko wani mai kama da shi ya ɗaura da ƙarfi. Jikin injin kuwa galibi ƙarfe ne mai taushi. Da zaren ramin ya cinye, shi ke nan, ko an sami na ainihin ba zai kama ba. In abin da sukurun ke riƙewa ya yi sako-sako a kan hanyar fim, inda hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, sai ya karce fim ko ya yaga shi, fim ɗin kuwa watakila babu irinsa a ko'ina.

Iri uku na zare

Zare, watau abin da makanikai ke kira tiredi, shi ne tsagin nan da ya nannaɗe jikin sukuru. Iri uku aka fi gamuwa da su.

1. Na Ingila, mai suna BA. Lambarsa a juye ta ke: in ta yi sama, sukuru ya ƙanƙance. Kaurin 2BA milimita 4.7 ne, 4BA 3.6, 6BA kuwa 2.8.

2. Na Amurka, mai lamba biyu, kamar 4-40 ko 6-32. Ta fari kauri ta ke nufi, ta biyu yawan zare a inci ɗaya.

3. Na awon milimita, mai harafin M, kamar M3 da M4. Shi ne na injunan Jamus da Faransa da Japan, shi ne kuma ya cika kasuwa yanzu. Amma a lura, tsohon M3 na Japan tazarar zarensa milimita 0.6 ce, na yanzu 0.5.

Ga inda haɗarin ya ke. Sukurun 4BA da 6-32 da M3.5 kaurinsu kusan ɗaya ne, ido ba ya raba su. Amma a inci ɗaya na fari yana da zare wajen 38, na biyu 32, na uku wajen 42. Sukurun murfin soket ɗin lantarki na yanzu M3.5 ne. Zai shiga ramin 4BA juyi ɗaya ko biyu, sa'an nan ya cije. Wanda ya matsa masa daga nan ya yi ɓarna.

Abin da Malami zai yi

1. Ya cire injin daga wuta. Ya shimfiɗa farin zane a ƙarƙashinsa, don abin da ya faɗi ya ganu.

2. Ya kwafe duk abin da ke rubuce a ɗan allon da ke jikin injin: suna da lamba da ƙasar da aka ƙera shi. Suna kaɗai bai isa ba, gama injin Bell & Howell an ƙera shi a Amurka, an kuma ƙera shi a Ingila.

3. Ya nemi ɗan'uwan wanda ya ɓace. Yawanci murfi ɗaya sukurori iri ɗaya ke riƙe da shi. Ya kwance guda, shi ne zai zama samfur.

4. Ya auna tsawonsa da rula, ya ƙidaya zaren da ke cikin rabin inci, ya ninka biyu. Ya zana siffar kansa: mai tudu ne, ko shafaffe, ko marar kai irin wanda ke riƙe gargaren haƙoran da ke jan fim.

5. Ya sa samfur a ambulan, ya rubuta ramin da ya fito, ya shigar a littafin kaya.

Wanda ya yi tsatsa kada a yi kokawa da shi. A ɗiga masa kananzir, a bar shi ya kwana. Sukudireba kuma ta zama daidai bakin tsagin kansa.

Inda za a nema

A fara da gida. Tsofaffin masu gyaran rediyo da agogo kan tara ƙananan sukurori a gwangwani, tsofaffin kayan lantarki na Ingila kuwa BA ke jikinsu. In ba a dace ba, sai kasuwar Sabon Garin Zariya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da ya fi duka shi ne a sami mataccen inji irin naku a ciri na jikinsa. In duk ya faskara, masu injin sassaƙa ƙarfe suna iya yin sabo, muddin an kai musu samfur.

A tafi da samfur da notin da ya hau shi, in akwai. Kada a yarda da "ai duk ɗaya ne". In an dawo, a gwada da yatsu kawai. Na gaskiya zai shiga juyi uku ko huɗu sumul ba gardama. Tsawo kuma kada ya wuce na samfur, don kada ya taɓo waya ko giya a ciki.

Muna roƙon Hakimai, Allah ya ja zamaninku, kada a bar kowa ya buɗe injin sai Malami yana tsaye da littafinsa. Gara inji ya yi wata uku yana jiran ɗan sukurunsa, da a ɓata raminsa cikin minti ɗaya.

Haza wasalam.