Ga Mai Son Digirin Sarrafa Bayanai: Nemi Furojet Ɗinka A Kasuwa

Duk shekara idan lokacin cike JAMB ya zo, ka tambayi matasanmu na Ɓaɓura da Kazaure da Roni da Gwiwa abin da za su karanta, da yawansu amsa ɗaya ce: kwamfuta. Iyaye su ji daɗi, a sa albarka. Bayan shekara huɗu ko biyar yaro ya dawo da digiri, wani ma da sakamako mai kyau, amma in aka miƙa masa littafin cinikin shago aka ce ya fitar da kayan da suka fi kawo riba a wata shidan da suka wuce, sai ya yi tsuru-tsuru. Abin yana damuna ƙwarai, domin matsala ce mai magani idan aka tare ta da wuri.

Makarantu dai ba mu rasa ba. Tun 2001, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure wadda kowa ya sani da Infomatiks, ga kuma Kwalejin Hussaini Adamu a garin. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Ɓaɓura, bayan ta Tarayya da ke Dutse, da ta Sule Lamido a Kafin Hausa, da Bayero a Kano. Abin da ya rage shi ne ɗalibi ya san me zai nema a ciki.

Da farko ka sani kwas ɗin ba ɗaya ba ne. A sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022, fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa da rassa daban-daban. Kimiyyar kwamfuta ta fi karkata ga lissafi da yadda ake ƙera manhaja tun daga tushe. Reshen tsarin bayanai yana tsakanin fasaha da kasuwanci: yadda kamfani ko asibiti ko ma'aikata ke tattara bayanansu, su adana, su yanke shawara da su, don haka za ka taɓa akanta da gudanarwa. Kimiyyar bayanai kuwa ƙididdiga ce zalla da shirya manhaja, wanda ke gudun lissafi zai sha wuya a cikinta. Kafin ka zaɓa, ka duba kundin JAMB na shekarar ka ga wace jami'a ke da reshen, ka tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin a can. Kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi wajibi ne, galibi har da fiziks.

Batun daraja ba ya buƙatar dogon bayani. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50. Makin tarawa ake yi, saboda haka wanda ya yi wasa da aji ɗaya zai daɗe yana biyan bashi. Tun ran gini, tun ran zane.

Inda na fi so mu tsaya shi ne furojet na shekarar ƙarshe, don nan ne ake asara mafi girma. Ɗalibi ya je shagon buga takardu ya sayi tsohon aiki kan rajistar ɗalibai ko tsarin laburare, ya sauya suna, ya haddace, ya kare a gaban malamai. Ya ci maki, amma ya zubar da damar da zai taɓa bayanan gaske da hannunsa, alhali suna nan jibge a ƙofar gidansa.

Ɗauki littafin dillalin riɗi ko zoɓo. Buɗe shafi ɗaya za ka ga wani awon da kwano aka rubuta shi, wani da buhu, kuma buhun wannan bai kai na wancan ba. Manomi ɗaya an rubuta shi Audu a nan, Abdu a can, Abdullahi a shafi na gaba. Wajen kwanan wata an sa "ran kasuwa" ko "bayan sallah". Wani layin da boko, wani da ajami. Tunda kuma iyakar Nijar na kusa, kana iya cin karo da cinikin da aka yi da sefa ba a rubuta canjin ranar ba. Zaman da za ka yi kana daidaita waɗannan, kana ba kowane manomi lamba ɗaya, kana mayar da awo duka zuwa kilo, shi ne ainihin sana'ar. Masu aikin nan a ko'ina cikin duniya sun san gyaran bayanai ya fi zana jadawali cin lokaci nesa ba kusa ba.

Bayan gyara sai fassara, kuma a nan ɗan gida ya fi baƙo. In ka ga farashi ko yawan ciniki ya yi tsalle, tambayi abin da ya faru a lokacin. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. A farkon 2023 an yi ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi, a Mayun shekarar aka cire tallafin mai, sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yuli aka sake rufe iyaka har Maris na 2024. Wanda bai san waɗannan ba zai sa kwamfuta ta yi masa hasashe, ta ba shi amsa mai kyan gani wadda ba ta da amfani. Haka kaka da bazara, haka azumi da sallah: kowanne yana barin sawunsa a littafi.

Ba dole sai riɗi ba. Mai POS yana son sanin ranar da tsabar kuɗi ke yanke masa. Mai kemis yana asarar magungunan da wa'adinsu ke ƙarewa a kan kanta. Ƙungiyar mata masu adashi tana son sanin wa ta zuba, wa ta kwasa, kuma ɗaliba ce za ta fi samun shiga wajensu. Ka zaɓi tambaya ɗaya ƙarama wadda mai sana'ar da kansa zai ce tana hana shi barci, ka kai wa malamin da ke duba aikinka tun kana aji uku. Watannin koyon aiki na SIWES ka yi su a inda za a bar ka ka taɓa bayanai, ko da wurin ba shi da suna.

Littafin bashi amana ce. Ka nemi izinin mai shi a fili, ka gaya masa abin da za ka yi da shi, ka cire sunaye da lambobin waya kafin kowa ya gani. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka, tona asirin wanda ake bi bashi a ƙaramin gari ba ƙaramin abu ba ne. In ka gama tsarin, ka ba yaron shago ya yi aiki da shi na mako biyu ba tare da kana tsaye a kansa ba. Duk inda ya rikice ka rubuta, ka gyara, ka sa a babin sakamako. Malamai masu jarrabawa suna gane aikin da aka gwada a hannun mutane.

Kayan aiki kuwa a bi su daki-daki. Ka ƙware a Excel tukuna, sannan SQL don yi wa rumbun bayanai tambaya, sai Python ko Power BI. KoboToolbox tana ba ka damar tattara bayanai da waya ko babu intanet, ka tura in ka samu sabis. Shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2023 yana koyar da nazarin bayanai kyauta, ka nema idan an buɗe.

Iyaye kuma, in za a saya wa yaro laftof, ta hannu ma ta isa, muddin tana da RAM giga 8 da batir mai riƙe caji. A gwada batirin a gaban mai sayarwa kafin a biya kuɗi, domin a yankinmu wuta ce ke fara tsayar da aiki.